Kuɗi a hannu, takobi a wuya: 'yan kasuwar Japan a zamanin Tokugawa

A shekarar 1705 hukumar Japan ta tura jami'anta gidan Yodoya, gidan da ake ganin ya fi kowane gida dukiya a birnin Osaka, suka yi masa ƙarƙaf: zinariya, azurfa, gidaje, ɗakunan ajiya, duk aka kwashe. Maigidan, wani matashi mai suna Tatsugoro, magaji na biyar a gidan, aka kore shi daga gari. Bai yi sata ba, bai kashe kowa ba. Laifin da aka karanta masa shi ne yana rayuwar da ta wuce matsayin ɗan kasuwa. Har ana cewa wai ya gina ɗaki mai rufin gilashi, kifaye suna iyo a saman kansa, irin labarin nan da kowane baki ke ƙara wa gishiri. Abin da ba a karanta a takardar hukunci ba shi ne gidan yana bin sarakunan larduna da dama bashi mai nauyi, kuma ranar da aka rushe shi bashin ya bi ruwa. Gadar da gidan ya gina a ƙofarsa, Yodoyabashi, har yau da sunansa ake kiranta.

Duk wanda ya buɗe kanti a Japan ta wancan zamani da wannan labari ya buɗe shi. Neman riba kowa ya iya. Gwanintar tana wajen riƙe ta a ƙasar da mai takobi ke da ikon ƙwace ta da rana tsaka.

Tokugawa Ieyasu ya ci yaƙin Sekigahara a 1600, ya zama shogun a 1603, wato shugaban mayaƙa mai riƙe da ainihin mulki, shi kuwa Sarkin ƙasar yana zaune a Kyoto, an bar masa sarauta da al'ada. Zuriyar Ieyasu ta yi mulki daga Edo, Tokyo ta yau, har zuwa 1867. Malaman fada, waɗanda suka sha koyarwar Konfushiyas daga Sin, sun jera mutane hawa huɗu: samurai masu takobi a sama, sai manoma, sai masu sana'ar hannu, ɗan kasuwa can a ƙasa. Hujjarsu ita ce manomi yana shuka, maƙeri yana ƙira, ɗan kasuwa kuwa ba ya samar da komai, na wani yake ɗauka ya kai wa wani ya ci a tsakani.

Sai dai tsarin da suka gina da hannunsu ba ya motsi in babu shi. Da shinkafa ake biyan haraji, da ita ake biyan albashin samurai, da ita ma ake auna girman sarki. Ma'aunin shi ne koku, kimanin kilo 150, abin da aka ƙiyasta zai ci da mutum ɗaya shekara guda. Ba a kiran mutum sarkin lardi sai ƙasarsa tana ba da koku 10,000 ko fiye. Gidan Maeda na Kaga ya haura miliyan. An kuma raba samurai da gona, an tara su a garuruwan da ke gindin ganuwar iyayen gidansu. Daga 1635 aka ƙara musu wani nauyi: kowane sarkin lardi, su kusan 260, sai ya yi shekara ɗaya a Edo, shekara ɗaya a ƙasarsa, matarsa da magajinsa kuwa suna Edo dindindin a matsayin garkuwa. Gida biyu ke nan, da ayarin ɗaruruwan mutane ko dubbai da za a ciyar a hanya. Mai masauki ba ya karɓar buhun shinkafa, tela ma haka. Kafin tsakiyar ƙarni na 18 mutanen Edo sun kai miliyan guda, kusan rabinsu samurai ne da barorinsu, bakuna masu ci waɗanda ba sa noma.

Dole wani ya mayar da shinkafar nan kuɗi, kuma a Osaka ake yin haka. A 1672 wani ɗan kasuwa mai suna Kawamura Zuiken ya tsara wa hukuma hanyar jiragen ruwa daga gaɓar arewa maso yamma, ta zagayo ta mashigin Shimonoseki ta sauka Osaka. Larduna suka gina rumbunansu a bakin kogunan birnin, a tsibirin Nakanoshima da kewayensa, har suka haura ɗari. Kowane rumbu da ɗan kasuwar da ke sayar masa da kaya, da wanda ke ajiye kuɗin ya aika Edo. Ranar da kuɗin bana suka ƙare tun shinkafar baɗi tana gona, wajen wa za a je? Ta wannan ƙofa dillali ya zama mai ba da bashi.

Rumbu ba ya sayar da buhu a miƙa hannu da hannu. Gwanjo ake yi, wanda ya ci a ba shi takarda mai shaidar cewa yana da koku 10 a rumbun lardi kaza. Takardar ta fi buhu sauƙin ɗauka, sai ita ta shiga yawo daga hannu zuwa hannu, ana sayenta, ana sayar da ita, ana jinginar da ita wajen 'yan canji. A ƙofar gidan Yodoya aka fara wannan hada-hada, sannan a 1697 ta koma Dojima, tsallaken kogi. Larduna ma ba a bar su a baya ba: sukan buga takardun da suka fi shinkafar da ke rumbu yawa, da tunanin ba duka masu takarda ne za su zo rana ɗaya ba.

Daga nan dillalan suka ƙirƙiro abin da ya sa masana tattalin arziki ke ambaton Dojima har yau. Sai mutum ya sayi shinkafar da ba ta wanzu ba, a rubuce kawai cikin littafi, a kan farashin yau, da sharaɗin a warware ciniki kafin ƙarshen zango. Zango uku ake yi a shekara. Ba wanda zai kawo buhu, ba wanda zai karɓa. In farashi ya hau, mai saye ya karɓi bambanci. In ya faɗi, ya biya. Akwai ɗakin da ke tattara lissafin kowa da kowa yana kashe na wannan da na wancan. Mai rumbun gaske yana amfani da wannan ya kare kansa daga faɗuwar farashi, ɗan caca kuma yana samun filin wasa. Hukuma ta daɗe tana haramta shi a matsayin caca. Shogun Yoshimune ne ya halatta shi a 1730, ba don ƙaunar 'yan kasuwa ba: shinkafa ta yi araha, albashin samurai ya zube, yana neman duk abin da zai ɗaga farashi.

Yadda ake tashi daga kasuwar ma abin kallo ne. Da la'asar sai a kunna wa wata gajeriyar igiya wuta. Farashin da aka tsaya a kai lokacin da ta cinye shi ne farashin ranar. In kuwa ta cinye ba a samu farashi ba, cinikin ranar gaba ɗaya ya rushe, dabarar da ke hana mutum ɗaya ya danne kasuwa. Waɗanda suka ƙi watsewa akwai ma'aikata na musamman da ke sheƙa musu ruwa. Farashin kuma ba ya kwana a Osaka. Ana tsayar da mutane a kan tuddai, kowa da tuta da madubin hangen nesa, wannan ya kaɗa wancan ya karanta ya kaɗa wa na gaba, kafin ɗan aike ya ɗaura takalmi labari ya isa Kyoto da Otsu. Hukuma ta hana, ba a daina ba.

Kuɗin kansu iri uku ne. Edo da zinariya take ciniki, tsaba mai ƙirguwa da ake kira ryo. Osaka da azurfa, wadda sai an ɗora a sikeli an auna. Ƙananan sulallan jan ƙarfe kuma suna ko'ina. A 1700 hukuma ta ce ryo ɗaya daidai yake da azurfa mai nauyin monme 60, kasuwa kuwa kullum da nata farashin. Ƙasa ɗaya ce amma sai da ɗan canji, kuma ɗan canjin bai tsaya ga canji ba: yana karɓar ajiya, yana ba da rance, yana rubuta takardar da za a kai wani gari a karɓi kuɗi. Gidan Konoike, waɗanda suka fara da dafa giyar shinkafa da jigilarta zuwa Edo, sun buɗe canji a Osaka a 1656, suka wayi gari larduna fiye da talatin na cin bashinsu.

Wanda ya fi burge ni a cikinsu ɗan tufafi ne. An haifi Mitsui Takatoshi a 1622 a garin Matsusaka na yankin Ise. Mahaifiyarsa, Shuho, ita ce ke riƙe da shagon gidan, tana sayar da giya da kayan miya tana karɓar jingina, mace mai tsimin da ba ta yarda a zubar da komai. Yana ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu aka tura shi Edo shagon yayansa. Ya nuna ƙwazon da ya tsorata yayan, sai aka mayar da shi gida da sunan ya je ya kula da tsohuwa. Shekara 24 ya yi a Matsusaka yana ba da rance yana cinikin shinkafa, yana tura 'ya'yansa maza Edo su koyi aiki ɗaya bayan ɗaya. Sai da yayan ya rasu a 1673, shi kuma ya haura hamsin, sannan ya buɗe kantinsa, Echigoya, tare da shagon saro kaya a Kyoto inda masaƙan siliki suke.

A lokacin, manyan masu tufafi ba sa zaman jiran mai saye. Sukan ɗauki kaya su kai gidajen manya, a zaɓa, a rubuta, biya sai sau biyu a shekara, tsakiyarta da ƙarshenta, in an biya ke nan. Saboda haka farashin yana ɗauke da kuɗin jira da asarar waɗanda ba za su biya ba, kuma kowa da farashin da ya dace da fuskarsa. Takatoshi ya juya abin. A zo kanti, a biya kuɗi hannu, farashi ɗaya a rubuce jikin kaya, ba tayi ba ragi. Wanda ya saba da Kantin Kwari, inda sai an yi "albarka" sau uku kafin a kai ga "na sallama", zai gane girman abin da mutumin nan ya cire daga ciniki. Ya kuma karya wata al'adar: sauran sai turmi guda suke sayarwa, shi kuwa ko ƙyallen da zai isa jakar taba kake so za a yanka maka. Kowane ma'aikaci da irin yadin da ya ƙware a kai, ga teloli a gefe don mai gaggawa. Matar kafinta da ba ta taɓa tunanin taka kantin siliki ba ta zama abokiyar ciniki.

Maƙwabtansa 'yan tufafi suka tsane shi, suka yanke hulɗa da shi. Bayan wata gobara, a 1683 ya koma unguwar Surugacho, ya raba takardun talla a gari, ya buɗe shagon canji a jikin kantin. A 1687 ya zama mai kai wa fadar shogun tufafi. A 1691 kuma gidan ya samu aikin da ya fi kowanne maiƙo. Hukuma tana tara azurfa a Osaka tana bukatar zinariya a Edo. 'Yan kasuwar Edo kuwa kullum Osaka na bin su kuɗin kaya. Maimakon a ɗora akwatuna a kan dawaki a yi tafiyar kilomita 500, sai Mitsui ya karɓi azurfar hukuma a Osaka, ya biya ta zinariya a Edo bayan kwana 60. A tsakanin nan kuɗin na hannunsa, ba ruwa ko sisi, yana saro siliki da su yana ba da rance. Takarda ce kawai ke tafiya. Babban kantin Mitsukoshi na Tokyo jikan wancan kanti ne.

Wanda ya ɗauki nauyin wannan duka a kafaɗarsa yaron kanti ne. Ana kawo shi yana ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, galibi daga ƙauyukan Ise ko Omi ko kewayen Kyoto, don kada ya kasance yana da dangi a Edo da zai riƙa zarar musu kaya. Ba albashi. Abinci, wurin kwana, da tufafi sau biyu a shekara. Shara, aike, dafa shayi, jera takalman baƙi. Da dare a koya masa rubutu da lissafi a kan allon nan mai ƙwallayen katako da ake turawa da yatsa. Hutun yaran kanti kwana biyu ne a shekara, 16 ga watan farko da 16 ga na bakwai, wanda garinsu ke da nisa kuwa sai ya yi shekara bakwai ko fiye kafin a ba shi izinin zuwa ganin gida. Wajen shekara goma sha bakwai a aske masa gashin goshi, ya zama ma'aikaci mai tsayawa da mai saye. Daga nan hawa-hawa ne har zuwa babban wakili mai riƙe da littattafai. A manyan kantuna maza ne zalla, a kantin suke kwana, kuma mutum yakan doshi arba'in kafin a yarda ya kama gida ya yi aure. Mafi yawansu ba sa kaiwa: ciwo, kora, gudu. Wanda ya jure, a sallame shi da jari, a kuma ba shi izinin rataya labule mai tambarin gidan a ƙofar nasa shagon. Labulen ya fi jarin daraja, don shi ke sa masu sari su ba shi kaya bashi tun ranar farko.

Ɗan maigida ma bai tsira ba. Gida ake gado, kuma gidan ya fi jini. A Osaka in aka ga magaji shashasha ne, dangi da manyan wakilai sukan taru su sauke shi, su aurar da 'yar gidan ga ma'aikacin da ya fi kowa kai, ya ɗauki sunan gidan ya hau kujera. 'Ya'yan Takatoshi sun ƙi raba gado. A 1710 suka kafa majalisa ɗaya mai riƙe da jarin duka, kowane gida yana karɓar abin cefanensa gwargwadon kasonsa, ba mai ikon cire nasa ya tafi. Edo gari ne na katako da takarda, gobara ba ta yi masa nisa, don haka akan ce da an ji ƙararrawar wuta littafin bashi ake fara jefawa rijiya, tunda takardarsa da tawadarsa suna jure ruwa. Kaya a sake saro su. Sunayen masu bashi in sun ƙone shi ke nan.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na mai takobi daban yake. Wajen 1728 jikan Takatoshi, Mitsui Takafusa, ya rubuta wa 'yan gidansu littafi, Chonin koken roku, ya jero gidajen attajiran Kyoto da suka rushe da abin da ya rusa kowanne. Amsar da ta fi maimaituwa ita ce ba sarakuna rance. Farkonsa daɗi: riba mai kauri, ba ɗaukar kaya, ga girmamawa, wani ma a ba shi izinin rataya takobi. Sai shekarar da sarki zai aiko a ce bana ba hali. Ina za a kai ƙara? A 1719 hukuma ta sanar cewa ta daina sauraren shari'ar bashi, kowa ya je ya sasanta da abokinsa. A 1789 babban jami'in shogun, Matsudaira Sadanobu, ya soke tsofaffin basussukan da dillalan shinkafar unguwar Asakusa ta Edo ke bin samurai na shogun, fiye da ryo miliyan ɗaya, da umarni guda. A 1835 Zusho Hirosato, mai kula da baitulmalin Satsuma, ya shaida wa masu bin lardin ryo miliyan biyar cewa za a biya su, ba ruwa, cikin shekara 250. Makamin 'yan kasuwa ɗaya ne: su haɗa baki su ƙi ba wanda ya taɓa cinye wa ɗayansu. Yakan yi aiki, don sarkin da Osaka ta rufe wa ƙofa ba shi da inda zai sayar da shinkafarsa da daraja. Su Mitsui ma, duk da littafin, ba su iya ce wa sarakunan Kii a'a ba, don garinsu Matsusaka a ƙasar Kii yake.

Abin dariyar shi ne hukumar ba ta iya karɓar haraji daga ciniki yadda ya kamata ba, tunda a iliminta ƙasa ce kaɗai ke haifar da dukiya. A 1634 ma an yafe wa Osaka harajin filaye. Sai ta koma ga kuɗin lasisin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da rancen dole, wanda aka fara ɗora wa attajiran Osaka a 1761. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Dokoki suka yi ta fita a kan irin yadin da ɗan birni zai sa, shi kuma ya koyi sa riga mai ruwan toka ko ruwan ƙasa, ya ɓoye silikin a shafin ciki. Wani tsohon ma'aikacin kanti a Kyoto, Ishida Baigan, ya fara karantarwa kyauta a 1729, yana cewa ribar ɗan kasuwa mai gaskiya daidai take da albashin samurai, hakkin aikinsa ce. A 1724 attajirai biyar na Osaka sun kafa makarantarsu, Kaitokudo. Kuɗin 'yan kasuwa ne kuma ya ciyar da gidajen wasan kabuki da masu buga hotuna da marubuta irin su Ihara Saikaku, wanda ya rubuta littafi guda a kan ranar ƙarshen shekara, ranar da masu bin bashi ke farautar masu ɓuya.

Kada dai tausayi ya kwashe mu. Mafi yawan masu ciniki a biranen nan 'yan talla ne masu rataya kwanduna biyu a sanda, suna kwana a ɗakunan haya na lungu, abin da suka samu yau shi za su ci yau. A idonsu mai rumbu ba abin tausayi ba ne. A yunwar 1787 talakawan Edo da Osaka sun farfasa shagunan shinkafa ɗaruruwa. A 1837 wani tsohon jami'in hukuma, Oshio Heihachiro, ya ga mutane na mutuwa da yunwa ana kuma loda shinkafa zuwa Edo, ya tayar da bore, ya sa wa unguwar attajirai wuta. Gidan Konoike na cikin waɗanda suka ƙone, tare da kusan kashi ɗaya cikin biyar na birnin.

Da mulkin Tokugawa ya faɗi, ya tafi da manyan gidajen 'yan kasuwa da dama. A 1868 sabuwar gwamnati ta soke lissafi da azurfar awo, jama'a suka yi dafifi wajen 'yan canjin Osaka neman kuɗinsu, gidaje da dama suka rufe. A 1871 aka soke lardunan kansu. A 1873 aka yanke cewa duk bashin sarakuna da ya girmi 1844 ya mutu, na 1844 zuwa 1867 kuma a biya shi cikin shekara 50 ba ruwa. Tsofaffin gidaje irin su Tennojiya suka durƙushe. Konoike ya tsira, amma bai koma yadda yake ba. Gidan Sumitomo ya dogara da mahaƙar jan ƙarfe ta Besshi da yake haƙa tun 1691. Mitsui, wanda rancen dole ya kusa kashewa a shekarun ƙarshe na shogun, ya kai kuɗinsa ga ɓangaren Sarki tun yaƙin kifar da shogun bai ƙare ba, ya zama ma'ajin sabuwar gwamnati, ya buɗe bankinsa a 1876. Kantin tufafin kuwa a lokacin asara yake yi, manyan gwamnati suka ce ba za a haɗa shi da harkar banki ba, a 1872 aka raba shi da gidan.